In aka tsuke layin oba-oba, wa zai ji wa a Kano?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da motar 'yan kwana-kwana a bakin gobara, ko kusa da ɗan sandan da ke tare hanya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ya san ƙarar nan. Sai ka ji shuuu, murya ta fito a gaggauce, ta rufe da "oba". Daga wannan kalmar muka raɗa wa na'urar suna oba-oba. Yaran yanzu kallon tsohon yayi suke yi mata, tunda ga waya a aljihun kowa, har mai tura ruwa. Amma ma'aikacin da ya taɓa kutsawa cikin hayaƙi ya san bambancin. Waya sai ka lalubo lamba, ka jira ta shiga, sannan ka yi magana da mutum ɗaya. Oba-oba kuwa maɓalli guda za ka danna, mutum talatin su ji ka a tare. Ba kati, ba data, kuma in kuna kusa da juna ba ruwanku da ƙarfen sabis na kowane kamfani.

Mu a Arewa ba sai an ba mu labarin ranar da waya take yin shiru ba. A watan Mayun 2013 an kashe sabis a Borno da Yobe da Adamawa lokacin dokar ta-ɓaci. A watan Satumban 2021 an kashe shi a Zamfara, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wanda kuma yake cikin Kano ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, ranar da aka kai hare-haren da suka ci rayuka aƙalla 185, ya tuna yadda gari gaba ɗaya ya rarumi waya a lokaci guda, kowa na neman ɗan'uwansa. A irin wannan rana oba-oba ce igiyar da ke riƙe da masu ceto. Shi ya sa wani canji da ke faruwa a cikinta, wanda ba a jin ɗuriyarsa a labarai, ya tsaya min a rai: ana tsuke faɗin layin da take magana a kai.

Sai an fara da iskar kanta. Saƙon rediyo igiya ce mai kaɗawa, ana auna ta da yawan kaɗawarta a daƙiƙa ɗaya. Kaɗawa dubu ita ce kilohaz, miliyan ita ce megahaz. Idan ka murɗa akwatinka zuwa 99.5 don ka kama Freedom Radio, ma'anarsa igiyar tana kaɗawa sau miliyan 99 da rabi a daƙiƙa. Gidajen rediyon FM suna zaune tsakanin megahaz 87.5 da 108. Gaba kaɗan, daga 118 zuwa 137, nan matuƙan jirgi ke magana da hasumiyar filin jirgin Malam Aminu Kano. Oba-oba ta ƙasa tana da manyan unguwanni biyu: zangon VHF, wajen megahaz 136 zuwa 174, da zangon UHF, daga wajen 400 zuwa 470. Na farkon ya fi cin nisa a fili da daji, na biyun ya fi iya kutsawa cikin gine-gine.

Wannan fili ba ya ƙaruwa. Ka ɗauke shi kamar Kantin Kwari: ƙasar nan dai ita ce tun da, amma masu neman wurin kasa kaya kullum ƙaruwa suke. Abin da ake yi a kasuwa kowa ya sani, a tsaga shago gida biyu, wanda ya samu tebur ma ya gode Allah. Haka hukumomin rabon zango suka yi. Shekara da shekaru faɗin layin oba-oba kilohaz 25 ne. A cikin megahaz ɗaya layi 40 ke nan. In aka mai da shi 12.5 sai a samu 80, in aka kai shi 6.25 a samu 160. Lissafin ba ya wuce haka, kuma duk wanda ya dube shi zai ce ai gyara ne.

Ga wanda yake ganin iska ba ta da kuɗi, ya tuna gwanjon da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi a watan Janairun 2001, inda lasisin GSM guda ya tashi dala miliyan 285. A Disambar 2021 kuma MTN da Mafab kowannensu ya ci megahaz 100 na 5G a kan dala miliyan 273.6. Abin da ake saya da wannan kuɗi ba zai yiwu a bar shi a watse ba. A duniya hukumar ITU ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke shata manyan iyakoki. A gida kuwa, dokar sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar rabon zango ta ƙasa, NFMC, ƙarƙashin jagorancin ministan sadarwa. Ita ke yankawa ta miƙa: NCC ta kula da kamfanonin sadarwa, NBC ta kula da gidajen rediyo da talabijin, ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta kula da masu amfani da zango ba don kasuwanci ba, wato hukumomin gwamnati da makamantansu. Jiha ba ta raba zango. Gwamnatin Kano tana iya sayen oba-oba dubu, amma iskar da za su yi magana a cikinta daga Abuja ake ba da izininta.

Ƙasar da labarinta ya fi fitowa fili a wannan lamari ita ce Amurka, saboda ita rana guda ta sa. Hukumar sadarwarta, FCC, ta buɗe maganar tun 1992. Daga watan Fabrairun 1997 ta daina amincewa da sabon samfurin oba-oba sai wanda zai iya aiki a kilohaz 12.5. A Disambar 2004 ta yanke wa'adi. Daga 1 ga Janairun 2011 ta daina ba da sabon lasisi mai faɗin 25, ta kuma hana faɗaɗa tsofaffin. Ranar 1 ga Janairun 2013 wa'adi ya cika: 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, motocin asibiti da kamfanoni, duk mai lasisi tsakanin megahaz 150 zuwa 174 da kuma 421 zuwa 470, dole ya koma ƙaramin layi ko wata fasaha mai kwatankwacin wannan tsimi. Da farko dokar ta kai har megahaz 512, amma a Afrilun 2012 aka ɗage wa masu zama tsakanin 470 da 512. Wasu hukumomin da suka makara sun roƙi ƙarin lokaci, aka ba su.

Abin lura a nan shi ne tsawon tafiyar. Shekara ashirin da ɗoriya, a ƙasar da take da kuɗi da injiniyoyi. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta 1997. Kafin a tilasta wa mai amfani, sai da aka fara tilasta wa mai ƙerawa, aka bar shekara goma sha biyar kaya su tsufa a sake su a hankali. Da wa'adi ya zo, yawancin na'urorin da ke hannun ma'aikata saiti kawai suke buƙata: a jona su da kwamfuta, a sauya faɗin layi, shi ke nan. Duk da haka an yi kuka, musamman a ƙananan garuruwa masu 'yan kwana-kwana na sa-kai, waɗanda suka ce an ɗora musu doka ba a haɗo musu da kuɗin cika ta ba. Kuma sai da FCC ta yi ta nanata abu uku da mutane suka riƙa ruɗewa a kansu: dokar ba ta ce a koma dijital ba, ba ta ce a sauya lambar zango ba, kuma wanda ya tsuke layinsa ba shi ne zai mallaki rabin da ya rage kai tsaye ba, sai ya nema.

To mene ne ainihin abin da ake tsukewa? Nan ne misalin shago ya gaza, gara a kawo na lilo. A tsohon tsarin oba-oba, wanda ake kira analog, muryarka ce ke tura zangon ya yi gaba ya dawo baya, kamar yaro a kan lilo. In ka ɗaga murya lilon ya yi nisa, in ka sassauta ya rage. A babban layi ana barin lilon ya kai kilohaz 5 kowane ɓangare, sai saƙon duka ya ci wajen 16 daga cikin 25 ɗin. A ƙaramin layi an taƙaita shi zuwa 2.5, saƙon ya ci wajen 11 daga cikin 12.5. Dubi ratar da ta rage. A da akwai sarari mai yawa tsakaninka da maƙwabci. Yanzu katangar ta zama zana. Na'urar da ta tsufa, wadda zangonta ya ɗan goce, a da ba wanda zai lura, yanzu sai ta leƙa gidan wani. Zafi yana cikin abin da ke sa zango ya goce, mu kuwa a watan Afrilu ma'auninmu yakan haura 40, ga oba-oba a ajiye a gaban mota tun hantsi.

Akwai kuma asarar da ba makawa sai an yi ta. Da lilo ya ragu, murya ba ta danne shuuu ɗin nan kamar da. Injiniyoyi kan ƙiyasta asarar da kimanin desibel 3, wato tamkar an rage ƙarfin na'urar da rabi. A tsakiyar gari, kusa da eriya, ba za ka ji bambanci ba. A gefe-gefe ake jin sa, wuraren da dama can da ƙyar magana take kaiwa. Kano kuwa tana da gefe iri biyu. Akwai na nisa: Doguwa, Tudun Wada, duwatsun Riruwai, dajin Falgore. Akwai kuma gefen da ke cikin ƙwaryar birni, wanda taswira ba ta nunawa: ƙasan benayen siminti da rodi na Kwari, lungunan Kurmi da Jakara inda mota ba ta shiga, ɗakunan ciki na manyan asibitoci. Wurin da jiya ake jin ka ko da da ƙaiƙayi a murya, gobe sai a neme ka a rasa. Maganinsa sananne ne, a ɗaga eriya ko a ƙara rifita, wato na'urar da ake kafawa a tudu ko dogon ƙarfe ta karɓi magana ta sake cilla ta da ƙarfi. Sai dai wannan kuɗi ne da ba ya fitowa a takardar farashin oba-oba, shi ya sa ake mantawa da shi.

Amma ba wannan ne ya fi ba ni tsoro ba. Abin da ya fi haɗari shi ne tsakiyar hanya, lokacin da wasu sun koma ƙaramin layi wasu suna kan babba. Su biyun suna iya zama a lamba ɗaya, fitilar kowa ta kama, a zaci lafiya lau. Mai ƙaramin layi in ya yi magana, mai babba zai ji shi can ƙasa-ƙasa kamar daga rijiya. Mai babban layi in ya amsa, muryarsa ta fi ƙarfin ƙofar ɗan'uwansa, sai ta fito a farfashe, wani lokaci ta riƙa yankewa daidai inda ya ɗaga ta. Yaushe mutum yake ɗaga murya? Lokacin da rufi zai faɗo.

A ce gobara ce irin wadda ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016. Ga jiniya, ga injin famfo, ga jama'a suna salati. Shugaban tawaga yana waje ya hango bango ya tsage, ya danna maɓalli ya ce kowa ya fito. Yaronsa na ciki ya ji gutsure-gutsure, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ji ba, a maimaita." Daƙiƙa goma sun tafi. Ba batir ne ya mutu ba, ba na'ura ce ta lalace ba. Wani ne a ofis, watanni da suka wuce, ya saita sababbin a 12.5 ya bar tsofaffin a 25. Irin wannan ɓaraka ba ta nuna kanta a gwajin da ake yi cikin ofis, inda mutum biyu ke tsaye taku biyar tsakani suna cewa ana ji.

Sai maganar dijital, wadda ita ce hanyar da masu ƙera kaya suka bi don su kai ga 6.25 ɗin nan. A nan murya ba lilo take yi ba. Na'ura ce ke daddatsa ta ta mai da ita lambobi, a can a sake haɗa ta. Tsari huɗu ne suka fi yaɗuwa. P25 na Amurka, wanda aka fara tsarawa a 1989. TETRA na Turai, mai zuba magana huɗu a cikin kilohaz 25. DMR, shi ma na Turai, wanda ya fito a 2005, yana zuba magana biyu a 12.5 ta hanyar karɓa-karɓa: wannan ya yi amfani da layin na ɗan ƙiftawa, kashi 30 cikin dubu na daƙiƙa, ya saki, wancan ya karɓa, da saurin da kunne ba ya ganewa. Sai NXDN na kamfanonin Icom da Kenwood na Japan, wanda ya yanka layin kansa zuwa 6.25. Alherinsu a fili yake. Murya takan fito tas har kusa da iyakar nisan da take kaiwa, DMR yana tsimin batir tunda rabin lokaci kawai yake watsawa, ana iya ganin lambar wanda ya yi magana, ana kuma iya kulle zance yadda mai saurare a ɓoye ba zai ji komai ba. Ga ɗan sandan da ke bin sawun masu garkuwa da mutane, wannan kulle ba ado ba ne.

Kowane alheri a nan yana da abin da ya zo da shi. Analog in zai mutu a hankali yake mutuwa, shuuu yana ƙaruwa, ma'aikaci ya gane ya kusa wuce inda ake jin sa ya ja da baya. Dijital kuwa tas, tas, sai ɗif. Sannan abin da ke daddatsa muryar an gina shi ne don muryar ɗan Adam, in ƙarar zarto ko famfo ta cika wuri yakan rikice. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka wajen 2008 sun nuna haka, kuma har yau rundunonin kashe gobara da dama a can analog suke komawa in sun isa bakin wuta, na'ura zuwa na'ura kai tsaye ba ta rifita ba.

Babbar asarar ita ce ta harshe. A zamanin analog, Motorola da Kenwood da Icom duk yare ɗaya suke yi. In lamba ta yi daidai, sun ji juna. A dijital kuwa DMR ba ya jin TETRA, TETRA ba ya jin P25, kamar ka zaunar da Bafulatani da Babarbare da Banufe ka hana su Hausar da ta haɗa su. In aka ƙara kulle a kai, ko masu tsari ɗaya ba sa jin juna sai mabuɗinsu ya zo ɗaya. Amurka ta ɗanɗana kuɗar rashin jin juna ranar 11 ga Satumban 2001 a Niyu Yok, inda 'yan sanda da 'yan kwana-kwana suke kan layuka daban-daban, gargaɗin da ya zagaya a layin 'yan sanda bai isa kunnen 'yan kwana-kwana da yawa ba. Mutum 343 daga cikinsu suka rasu a ranar.

Yanzu a ƙirga masu zuwa wurin haɗari guda a titin Zariya ko Katsina Road. 'Yan sanda, sibil difens da jami'an kiyaye haɗura na FRSC, duk na tarayya ne. Hukumar kashe gobara, KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa, Hisbah da hukumar agajin gaggawa, na jiha. Ga motar asibiti, ga 'yan sintirin unguwa waɗanda sau da yawa su ke fara isa. Kowannensu da kasafinsa, da shekarar da ake saya masa kaya, da ɗan kwangilarsa. A Amurka doka ce ta kawo canjin da rana tsayayya. Mu a nan, ko an sa rana ko ba a sa ba, canjin yana shigowa ne a cikin kwali, domin masana'antun duniya sun riga sun juya, abin da suke turowa kasuwa ke nan. Wannan hukuma ta karɓi DMR bana, waccan tana kan analog mai faɗi na shekara goma sha biyar, ta uku an kawo mata wani tsarin daban. Ba wanda ya yi laifi a cikinsu, kowa ya sayi mai kyau daidai ƙarfinsa. Amma tsakiyar hanyar nan da Amurkawa suka yi ƙoƙarin taƙaitawa da wa'adi, mu tana iya zame mana mazauni.

'Yan sintiri kuma nasu daban ne. Da karo-karon mutanen unguwa ake saya musu kaya, don haka araha ake bi, irin su Baofeng UV-5R, wadda ke iya shiga ko'ina daga megahaz 136 zuwa 174 da kuma 400 zuwa 520. Ana buga mata lamba da hannu, kuma a cikin saitinta akwai zaɓin babban layi da ƙarami, wanda galibin masu riƙe da ita ba su taɓa buɗewa ba. Mutum yana tsaron unguwarsa tsakani da Allah, bai san lambar da aka buga masa tana goga kafaɗa da layin wata hukuma ba. Da layuka suka matsu, irin wannan karo zai ƙaru. Ban ga amfanin farautar waɗannan bayin Allah ba. A ware musu layi na halal, a saita musu, a rubuta sunan ƙungiyarsu, ya fi sauƙi kuma ya fi amfani.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, a ba kowa waya mai manhajar danna-ka-yi-magana mana. Akwai ma na'urori yanzu masu siffar oba-oba sak amma sim ne a cikinsu, daga Kano sai ka yi magana da Legas. Suna da amfaninsu, amma ransu yana hannun ƙarfen sabis, ranar da ya mutu sun mutu. Birtaniya ta ƙudurta tun 2015 za ta sauke tsarinta na TETRA mai suna Airwave ta koma kan layin wayar 4G kafin ƙarshen 2019. Shekaru sun shuɗe bayan wa'adin, 'yan sandanta suna riƙe da Airwave. Amurka ta kafa FirstNet a 2012, ta ba kamfanin AT&T aikin gina shi a 2017, don masu ceto su samu intanet nasu, amma ɗan kwana-kwananta bai ajiye oba-oba ba. Lambar 112 da cibiyoyin karɓar kiran gaggawa da NCC ta gina a jihohi suna kawo kukan jama'a zuwa ga hukuma. Daga hukuma zuwa ma'aikacin da ke cikin lungu kuwa, nan aikin oba-oba yake.

Mun kuma ga inda babbar kwangila take kaiwa in ba a tanadi riƙo ba. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE aikin tsarin sadarwar tsaro na ƙasa a kan dala miliyan 470, mafi yawan kuɗin bashi ne daga bankin Exim na ƙasar Sin. Ba a daɗe ba kyamarorin Abuja da dama suka daina aiki, maganar ta kai ga bincike a Majalisar Wakilai. Rifita ma haka take, ba a kafa ta a juya baya. Tana cin wuta dare da rana, kuma mutanen Kano ba su manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da aka shafe sama da mako guda babu wutar lantarki bayan lalacewar layukan da ke kawo ta Arewa. Rifitar da ba ta da sola da batir mai ɗaukar kwanaki, a irin wannan mako gunki ce.

A ganina tsuke layin daidai ne, kuma ba abin gudu ba ne. Abin da nake ja a kai shi ne a yi shi a makance. Da ni ake shawara, da ƙidaya za a fara kafin a sayi ko eriya ɗaya: kowace hukuma ta fito da abin da ke hannunta, samfurinsa, shekarunsa, lambar da yake kai, faɗin layinsa, da takardar izininsa. Aiki ne mai gajiyarwa, ba a yanka ƙyalle a kansa, amma shi zai nuna nawa ne saiti kawai suke so, nawa ne sai an sake su. Kuma fayil ɗin saitin nan da kalmar sirrinsa su zauna a hannun hukuma, ba a kwamfutar ɗan kwangila ba, don kada ya zama sauya layi ɗaya sai an jira wani ya taso daga wani gari. Yaran da za su iya wannan aiki muna da su, Jami'ar Bayero da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha suna yaye masu ilimin lantarki duk shekara.

Ranar sauyawa kuma a yi ta tare. Rifita da duk na'urorin da ke jingine da ita su koma a yini ɗaya, maƙwabtan hukumomi suna sane, kuma ba a jajibirin Sallah ba. Kafin ranar da bayanta a ɗauki mota a zaga da ƙafa da taya, a tsaya a wurare guda, a rubuta inda ake ji da inda ba a ji: ƙarƙashin gadar Ƙofar Nassarawa, cikin Singa, tsakiyar Kurmi, Dawanau, har Falgore. Bambancin takardun nan biyu shi zai faɗi inda za a kafa sabuwar rifita.

Sama da duka, jiha ta nemi izinin layi biyu ko uku na gamayya daga Abuja, analog a ƙaramin faɗi, marasa kulle, wasu a VHF wasu a UHF da abin da zai haɗa su. Kusan duk oba-oba ta DMR ko P25 ko NXDN tana iya komawa analog, don haka wannan ce Hausar da za ta haɗa su. Masu TETRA sai an sa musu na'urar gada. A sa layin a lamba ɗaya a kan maɓallin kowace na'ura, da suna ɗaya, yadda ɗan KAROTA da ɗan kwana-kwana za su murɗa zuwa wuri guda ko cikin duhu. 'Yan sanda su riƙe kullallen layinsu don aikin sirri, ba mai taɓa musu shi. Sannan duk ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe ɗakin karɓar kira ya kira hukumomin ɗaya bayan ɗaya a kan layin gamayyar, kowa ya amsa daga inda yake, wanda ba a ji muryarsa ba a tura masa mai gyara kafin azahar.